Lantarkin da ke cikin jikinmu da wanda ke kewaye da mu: wahalar tana wajen awo

Duk wanda likita ya taɓa turawa gwajin ECG, wato ɗaukar zanen lantarkin zuciya, ya san yadda ake yi. A ce ka kwanta rigingine ka buɗe ƙirji. A manna 'yan faifai shida daga gefen ƙashin ƙirji zuwa ƙarƙashin hammatar hagu, a maƙala wasu huɗu a hannuwa da ƙafafu, sannan a ce kada ka motsa, kada ka yi magana. Cikin daƙiƙa goma takarda mai jan gida-gida ta fito ɗauke da zane mai hawa da sauka. Mutane da yawa sun ɗauka wuta na'urar ke tura musu, har wasu kan ƙanƙame jiki suna jiran a ja su. Ba ta tura komai. Wutar daga jikin wanda ke kwance take fitowa, na'ura ɗauka kawai take yi.

Kowace ƙwayar halitta ta tsoka ko ta jijiya tana riƙe da ɗan bambancin lantarki tsakanin cikinta da wajenta, saboda tana tara sinadarin fotasiyam a ciki tana korar sodiyam waje. A ƙwayar jijiya bambancin kusan milibolt 70 ne (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), a ta tsokar zuciya kusan 90. Idan za ta yi aiki sai ƙofofin da ke jikinta su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, bambancin ya kife na ɗan lokaci, ita kuma ta tayar da maƙwabciyarta. A zuciya, wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke saman ɗakin dama ne ke ba da umarnin bugawa, sau 60 zuwa 100 a minti ga baligi mai hutawa. Da yake jikin mutum galibinsa ruwa ne mai gishiri, ragowar wannan wuta kan iso har fata, amma a raunane ƙwarai. Abin da ake samu a ƙirji milibolt ɗaya ne zuwa biyu, wato batirin tocila mai bolt 1.5 ya ninka shi kusan sau dubu. Na ƙwaƙwalwa ya fi haka ƙanƙanta tunda sai ya ratsa ƙoƙon kai: maikrobolt 10 zuwa 100, maikrobolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milibolt.

Shi ya sa aka daɗe da sanin akwai wutar kafin a iya auna ta. Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa bincikensa kan ƙafar kwaɗo tun 1791, amma sai a 1887 Augustus Waller ya ɗauki zanen zuciyar mutum a Landan, shi ma zanen bai fita sosai ba. Wanda ya mai da abin kayan aikin likita shi ne Willem Einthoven na Leiden a ƙasar Holan, a farkon shekarun 1900. Na'urarsa ta kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa ta, majiyyaci kuma tsoma hannuwa da ƙafa yake a bokitan ruwan gishiri. Saboda nauyinta ba a iya kai ta asibiti, sai a 1905 aka ja waya ta kusan kilomita ɗaya da rabi daga asibitin zuwa ɗakin bincikensa. Ya sami kyautar Nobel a 1924, shekarar da Hans Berger na Jena a Jamus ya fara ɗaukar zanen ƙwaƙwalwar mutum. Berger bai wallafa ba sai 1929, kuma masana ba su gaskata shi ba sai da Edgar Adrian na Kambirij ya maimaita gwajin a 1934 ya ga abin da ya gani: kaɗawa kusan sau goma a daƙiƙa, wadda ke bayyana idan mutum ya rufe ido, ta ɓace idan ya buɗe.

Shakkar da aka yi wa Berger tana da dalili, kuma dalilin bai gushe ba har yau. Mai auna lantarkin jiki kamar mai ƙoƙarin jin raɗa ne a gefen injin niƙa. Wayoyin da ke cikin bango, fanka, fitila, firiji, duk suna ɗauke da wuta mai juyawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Gana da Turai, sau 60 a Amurka. Jikin mutum yana kwasar wannan juyawa, kuma abin da yake kwasa kan ninka saƙon zuciyar sau da yawa. Dabarar da injiniyoyi suka samo ita ce kada na'ura ta auna abin da ke faifai ɗaya, ta auna bambancin da ke tsakanin biyu. Hayaniyar waya tana sauka a kan faifan biyu kusan daidai, idan an ɗebe wannan daga wancan sai ta soke kanta, saƙon zuciya da ya bambanta a wuraren biyu ya rage. Faifan da ake maƙalawa a ƙafar dama ba ya ɗaukar zanen komai, aikinsa ke nan, taimakawa wajen kashe hayaniyar.

Dabarar tana aiki ne idan faifan sun kama fata daidai da juna. Fatar da ta bushe lokacin hunturu, ko wadda aka lafta wa man shafawa, ko ƙirji mai gashi, ko faifan da ruwan jikinsa ya ƙafe saboda ya daɗe a kwali, kowanne yana ɓata lissafin. Sai ka ga layin ya yi kauri yana karkarwa. A nan ne mai aiki kan danna maɓallin tacewa, zanen ya fito sumul, kowa ya ji daɗi. Ni kuwa wannan maɓalli ne ya fi ba ni tsoro. Ƙa'idar ECG na gano cuta ita ce a bar duk wata kaɗawa daga 0.05 zuwa 150 a daƙiƙa ta wuce. Idan aka matse ta zuwa irin ta na'urar sa ido da ke gefen gado, 0.5 zuwa 40, tacewar tana iya lanƙwasa daidai sashen zanen da likita ke dubawa don gane toshewar jijiyar zuciya. Zane mai kyan gani yana iya zama ƙarya. Haka kuma na'urar gwanjo da aka shigo da ita daga Amurka, idan ba a canza mata saiti ba, hayaniyar 60 take nema ta kashe alhali ta 50 ce ke ɗakin. Idan a kan janareta ake, wanda gudunsa ke hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, juyawar ma ba ta tsaya a 50 ɗin ba.

Ko an sami zane mai tsabta, saura tambayar da wa za a kwatanta shi. Ma'aunin da aka fi sani na gane kaurin bangon zuciya, na Sokolow da Lyon na 1949, cewa ya yi idan tsayin wasu layuka biyu a haɗe ya kai milimita 35 to akwai matsala. An gina shi ne a kan marasa lafiyan Amurka. Matasa baƙar fata masu ƙoshin lafiya, musamman sirara, sukan wuce wannan adadi ba tare da ciwon komai ba. Wannan ne ya sa likitan zuciya ɗan Najeriya, Farfesa Araoye, ya fito da ma'auni na daban don baƙar fata a shekarun 1990. Ƙa'idojin duniya na duba zuciyar 'yan wasa na 2017 su ma sun amince cewa wani salon kifewar layi a faifan ƙirji na ɗaya zuwa na huɗu, wanda zai tayar da hankali a jikin Bature, lafiya lau ne a jikin ɗan wasa baƙar fata. A gwajin EEG, wato ɗaukar zanen ƙwaƙwalwa da ake yi wa masu farfaɗiya, kuwa matsalar ta fi fitowa fili: an tsara faifan ne don gashi mai santsi da ke kwanciya, ba don kitso ko gashi mai cika da ke ɗaga faifai daga fatar kai ba, har wasu masu bincike a Amurka suka koma ƙera faifan da ke zama a tsakanin layukan kitso. Na'ura ba ta nuna bambanci da gangan, amma tana ɗauke da zaton waɗanda suka ƙera ta.

Wannan juyawa ta sau 50 da likita ke fama ya kawar, ita ce kuma abin da masu binciken lafiyar ma'aikata ke bi da mita suna aunawa. Tambayarsu ita ce: zama kusa da waya mai ɗauke da wuta, shekara da shekaru, yana cutarwa?

Ƙarfi iri biyu ne da ba a gani, waɗanda ake kira fili, ke kewaye da kowace waya, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke rikita mutane. Akwai filin lantarki, wanda ƙarfinsa ya danganta da yawan bolt, ana auna shi da bolt a kowace mita. Bango da itace da kwanon rufi suna tare shi. Auna shi na da wuya, domin jikin mai awon kansa yana lanƙwasa filin. Dole a ɗora mitar a kan sandar da ba ta ɗaukar wuta, mutum ya ja da baya. Akwai kuma filin maganaɗisu, wanda ya danganta da yawan wutar da ke gudu a wayar a wannan lokacin, ana auna shi da maikrotesla. Wannan ba ruwansa da bango, ratsawa yake, amma yana raguwa da sauri idan an matsa nesa. Kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna kaya, ya fi na asuba, idan an ɗauke wuta kuwa babu shi sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da matsakaicin abin da ake samu a gidajen Turai kusan maikrotesla 0.07, a Arewacin Amurka 0.11, a ƙarƙashin babban layin wuta kuma yana iya kai 20.

Muhawarar ta faro ne a 1979, lokacin da Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka wallafa cewa yaran da suka mutu da cutar daji a birnin Denba na Amurka sun fi yawa a gidajen da ke kusa da wayoyi masu kauri. Abin lura, ba su shiga gidajen yaran sun auna filin ba. Kallon wayoyin suka yi daga titi, kaurinsu da nisansu da kusancinsu da tiransifoma, suka rarraba gidajen aji-aji. Da aka zo aka fara shiga gidaje da mita, sai lamarin ya ƙara ɗaurewa. Babban binciken Cibiyar Cutar Daji ta Amurka na 1997, mai yara 638 masu sankarar jini, bai sami wata hujja mai ƙarfi ba. Na Birtaniya na 1999 ma haka. Amma a 2000, da Anders Ahlbom da abokan aikinsa suka haɗa bincike tara wuri ɗaya, sai suka ga yaran da matsakaicin gidansu ya kai maikrotesla 0.4 ko fiye haɗarinsu ya ninka biyu. Irin waɗannan gidaje ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A kan wannan ne hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa filin maganaɗisun wayoyi a rukunin 2B a 2001, wato abin da mai yiwuwa ne yana jawo cutar amma hujjar ba ta isa ba.

Me ya hana a yanke hukunci shekara arba'in da ɗoriya? Awo ne. Yaro ya kamu a bara, an zo auna ɗakinsa bana, alhali abin da ake son sani shi ne abin da ya same shi shekara uku ko biyar da suka wuce, wataƙila ma a wani gidan. Iyayen yaro mara lafiya sukan buɗe ƙofa ga masu bincike, amma a cikin iyalan da ake kwatantawa da su, talakawa sun fi ƙin yarda, kuma su ne suka fi zama kusa da wayoyi. Wannan kaɗai yana iya ƙirƙiro bambancin da babu shi. Gwaje-gwaje a kan dabbobi ba su nuna cutar ba, kuma ba a gano hanyar da fili mai rauni haka zai lalata ƙwayar halitta ba. Wani bincike na Ingila da Wales na 2005 ya ƙara dagula lissafi: ya sami ƙarin haɗari har nisan mita 600 daga babban layi, nisan da filin layin ya riga ya ɓace. Da aka sake duba bayanan a 2014, sai aka ga haɗarin yana da ƙarfi a shekarun 1960, ya yi ta raguwa har ya ɓace, alhali wayoyin suna nan. Wannan ya fi kama da wani abu game da mutanen da ke zaune a wurin, ba maganaɗisu ba.

A ɓangaren ma'aikata ma haka aka faro, da zato maimakon awo. A 1982 Samuel Milham ya duba takardun mutuwa na jihar Washinton ya ce sankarar jini ta fi yawa a masu “aikin lantarki”. Amma sunan aiki ba awo ba ne. Injiniyan da ke zaune a ofis da mai hawa turke duk sunansu ma'aikatan wuta. Daga baya aka ƙera ƙaramar mita da ma'aikaci ke ɗaurawa a ƙugu, tana rubuta ƙarfin filin duk bayan 'yan daƙiƙu har ya tashi aiki. Da irin wannan awo aka gina jadawalin da ke ba kowane irin aiki adadinsa, a ninka da shekarun da mutum ya yi. Manyan bincike biyu suka biyo baya: na ma'aikatan kamfanonin wuta na Kanada da Faransa sama da 220,000 a 1994, da na Amurka mai kusan 139,000 a 1995. Na farko ya ga alamar ƙarin wani nau'in sankarar jini. Na biyu bai ga ta jini ba, ya ga alamar ta ƙwaƙwalwa. Idan cuta ɗaya fili ke jawowa, da an sa ran su haɗu a wuri ɗaya. Har yanzu kuma ba a daidaita kan wane adadi ya kamata a ɗauka ba: matsakaicin yini, ko ƙololuwar da aka kai na minti biyu, ko yawan hawa da saukar.

Wanda ya ji 0.4 sannan ya ji iyakar da ICNIRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan irin waɗannan filaye, ta sa a 2010, maikrotesla 200 ga jama'a da 1,000 ga ma'aikata, zai ce an yi wasa da rayuka, tunda tazarar ta kai ninki 500. Ba haka ba ne, tambayoyi biyu ne daban. Iyakar an gina ta ne a kan illar da aka tabbatar kuma ake iya maimaitawa a ɗakin gwaji: fili mai ƙarfi yana haifar da wuta a cikin jiki, wadda ke iya motsa jijiya ko sa mutum ganin walƙiya-walƙiya a ido. Masu aiki kusa da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI mai tesla 1.5 ko 3 (tesla ɗaya maikrotesla miliyan ne) sun san jiri da ɗanɗanon ƙarfe a baki idan suka juya kai da sauri. Ita kuwa 0.4 zargi ne da bai tabbata ba. Sa iyaka ma ba wasa ba ne: Tarayyar Turai ta yi dokar kare ma'aikata a 2004, sai likitoci suka nuna cewa idan aka bi ta yadda take, ma'aikacin jinya ba zai iya tsayawa kusa da majiyyaci a cikin ɗakin MRI ba. Aka yi ta ɗage ta har aka maye gurbinta da wata a 2013.

A nan ne nake ganin tsoronmu ya sauka a inda bai dace ba. Abin da ya fi tayar da hankalin unguwa shi ne turken kamfanin wayar salula, har a 2020 aka yi ta yaɗa cewa 5G ke kawo korona. Eriyar turke tana harba saƙonta ne can nesa, kusan a miƙe, kuma abin da ke isowa ƙasa ɗan mitsitsi ne idan an kwatanta da iyaka. Wayar da ke manne a kunnenka ta fi turken ba ka, ita ma an sa mata iyaka: wat 2 a kowane kilo na nama a Turai, 1.6 a Amurka, ana gwadawa da kan roba mai cike da ruwan da ke kwaikwayon naman mutum. Wanda ya kamata a damu da shi a harkar turke shi ne yaron da ke hawa gyara ya tsaya a gaban eriyar da ba a kashe ba. Wasu kuma kan saukar da manhaja a waya su zagaya gida, su ga maikrotesla 30 da 'yan kai su firgita. Abin da wayar ke gani maganaɗisun duniya ne da kamfas ke bi, wanda yake tsakanin maikrotesla 25 zuwa 65 ko'ina a doron ƙasa, kuma tsayayye ne, ba mai juyawa ba.

Je ka bakin titi inda ake walda ka tsaya. Injin yana gurnani a ƙasa, kebur mai kauri ya taso, mai aikin ya rataya shi a kafaɗa ko ya naɗe shi a damtse don kada nauyinsa ya ja masa hannu. Wutar da ke bin wannan kebur tana kai amfiya 200 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudu ne). Lissafin a bayyane yake: waya miƙaƙƙiya mai amfiya 200 tana ba da maikrotesla 40 a nisan mita ɗaya, 400 a nisan santimita goma, 2,000 a santimita biyu. Wato kafaɗar wannan bawan Allah tana samun abin da ya ninka na ƙarƙashin babban layi sau ɗari, kuma maganin bai kai naira ɗaya ba: a sauke kebur daga jiki, a haɗa mai zuwa da mai komawa su bi gefe ɗaya don filayensu su rage wa juna ƙarfi. Ga wanda aka dasa wa batirin zuciya abin ya wuce zargi, domin na'urar tana sauraron milibolt ɗin zuciya ne, hayaniyar walda kuwa tana iya ruɗa ta ta ɗauka zuciya na bugawa ta dakata. Duk da haka, a wurin mai walda hayaƙin ƙarfe da hasken da ke ƙona ido sun fi filin maganaɗisu haɗari nesa ba kusa ba. Hukumar ta Liyon ta sa hayaƙin walda a rukuni na 1, na tabbatattun masu jawo cutar daji, a 2017.

Haka batun masu kafa rumfuna da gareji a ƙarƙashin layin kilobolt 330 irin wanda ya taso daga Kaduna zuwa Kumbotso a Kano. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 50 ga irin wannan layi, 30 ga mai kilobolt 132, kuma dalilin farko ba cutar daji ba ce. Wuta mai ƙarfin haka tana tsallake iska ta kama rodi ko tsani ko doguwar mota tun ba a taɓa wayar ba, waya kuma tana tsinkewa.

Kusan duk alƙaluman da na kawo daga Turai da Arewacin Amurka suka fito, inda wuta ba ta yankewa, ma'aikaci yana da fayil na shekara talatin, kowace cutar daji kuma ana rubuta ta a rajista. Jadawalinsu ba zai zauna daidai a kan mai walda na Panteka a Kaduna ba, wanda yau yana kan wutar layi gobe yana kan janareta, ko tela mai keken lantarki da injinsa ke dab da gwiwarsa, ko mai shagon da ya jingina da shingen tiransifoma. Bin diddigin cutar daji a cikinsu zai yi wuya ba tare da rajista mai ƙarfi ba. Amma sanin abin da jikinsu ke samu a yini aiki ne da sashen kimiyyar lissafi ko na lafiyar al'umma a kowace jami'a zai iya: mita mai auna kusurwa uku wadda aka daidaita ta da ma'auni sananne, a ɗaura wa mutum daga buɗe shago zuwa rufewa, wani yana gefe yana rubuta aikin da yake yi a kowane lokaci da irin wutar da ake kai, a maimaita da rani da damina.